Kilo Nawa Ne Kiɗanka?

Duk wanda ya je sayen wufar mota, tambayarsa ta farko ita ce wat nawa ce. Mai shago ya san haka, masu ƙera kayan ma sun sani, shi ya sa lambar wat ta fi kowace lamba girma a jikin kwali. Nauyin kayan kuwa, in ma an rubuta shi, yana can ƙasa da ƙananan haruffa kusa da adireshin kamfani. A ganina, ga mai ƙaramar mota mai gudu, musamman wadda za ta riƙa bin hanyoyinmu na ƙasar Bagudo, wannan ƙaramar lambar ce ta cancanci a fara karantawa. Wat ɗin da aka rubuta sau da yawa alkawari ne da ba a cika cikawa ba. Kilo kuwa ba ya ƙarya, kuma mota za ta ɗauke shi kowace rana, ko ana kiɗa ko an kashe rediyo.

Motata Golf 3 ce, samfurin GTI, 'yar Kwatano, wadda ta shigo ƙasar nan tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga farkon 2017. Injinta mai lita 2 ne, ƙarfin doki 115, nauyinta kuma ya ɗan haura tan ɗaya. A Jamus, inda aka ƙera ta, yau babu mai kiranta motar gudu. Daɗinta duk yana cikin rashin nauyinta: ka taɓa totur ta amsa, ka karya sitiyari ta bi, ka taka birki ta tsaya inda ka nufa. Ina aiki a Birnin Kebbi, gidanmu kuma yana ƙetaren Kwara, don haka akalla sau biyu a wata nakan yi sa'o'i ni kaɗai a cikinta. Mai irin wannan tafiya yana son kiɗa mai kauri. Matsalar ita ce kaurin sauti da rashin nauyi kishiyoyi ne, kuma zaɓen wufa sulhu ne tsakaninsu.

Hanyar da ta san nauyi

Wanda ya taso daga Bagudo ya haye gadar Tuga, ya nufi Ka'oje, ya zarce Tsamiya inda ake shiga Segbana ta Jamhuriyar Benin, ko ya karkata Illo da Lolo, yana tafiya ne a ƙasar da aka daɗe ana auna kaya. Tun kafin Ingila da Faransa su raba yankin a yarjejeniyarsu ta 1898, wadda ta bar Illo a ɓangaren Ingila, fataken goro masu zuwa Gwanja suna haye Kwara a wannan shiyya su ratsa Bargu. Madugun da ya san aikinsa yana kallon mangalar jaki ya gane ko za ta kai zango ko za a sauke ta a hanya. Ya kuma san cewa daidaita kayan a gadon bayan dabba ya kai yawansu muhimmanci.

Direbobin lodi na yau sun gaji wannan ilimi. Ka lura da motocin da ke jigilar shinkafa da albasa da gero tsakanin kasuwannin iyaka. Da yawa an cire musu kujerar baya, an ƙara wa sifirin ƙarfi, har idan babu kaya sai ka ga bayan motar ya ɗaga sama kamar tana ruku'u, don idan aka loda ta ta dawo daidai. Babu ɗayansu da ya karanta injiniyanci, amma lissafinsu ɗaya ne da na kamfanin Porsche, wanda a wasu motocinsa na tsere irin su 911 GT3 RS ya taɓa bai wa mai saye damar a cire rediyo da na'urar sanyaya iska, a kuma sa igiyar yadi a madadin marikin ƙofa. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus a Ingila, ya shahara da ra'ayin cewa ƙarin ƙarfin inji yana amfani ne a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai, ragin nauyi kuwa yana amfani ko'ina. Motar Elise da kamfaninsa ya fitar a 1996, bayan rasuwarsa, nauyinta kilo 725 ne kacal.

Hanyarmu ta fi filin tsere buƙatar wannan darasi. Akwai ramuka, akwai wuraren da kwalta ta ƙare sai jar ƙasa mai tsakuwa, akwai tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye, wanda aka yi shi ba tare da tunanin ƙaramar mota ba. Da damina ruwa yakan cinye gefen hanya, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2020 ba su manta yadda Kwara ta yi da gonakin shinkafa da hanyoyin wannan yanki ba. A irin wannan hanya, tazarar da ke tsakanin salansa da ƙasa dukiya ce, kuma duk abin da aka ɗora a but daga cikinta yake ci.

Abin da sikeli ya faɗa

Wani abokina da ya sayar da motarsa ya ba ni kayan kiɗanta kyauta: wufa biyu masu inci 12 a cikin katon akwati mai bututun iska, da amfilifaya mai faɗi kamar farantin cin abinci na taro. Kafin in kai wa mai wayarin, sai na biya da kayan wurin masu sayen shinkafa shanshera a kasuwar Bagudo, na roƙi aron sikelinsu. Mutum biyu ne suka ɗora akwatin. Da aka haɗa da amfilifaya, allura ta tsaya a kan kilo 47.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana tuƙin haya a wannan hanya kafin idanunsa su raunana, yana tare da ni. Ya dubi sikelin, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, wanga abu buhun shinkahwa na, kilo ukku kaɗai suka rage. Sai dai shi buhu in ka kai shi kasuwa kana sauke shi a ba ka kuɗi. Wanga kau kullum yana bisa, kuma ba ya biyan ko kwabo."

Ya kamata a yi wa akwatin adalci a lissafi. Kilo 47 a motar da ta ɗan haura tan ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 ne, wato tamkar an zare doki huɗu ko biyar daga injin. Za a ji, amma ba zai mayar da mota jaki ba. Ta fuskar mai ma, ƙiyasin da hukumomin makamashi na Amurka suke bayarwa shi ne kowane ƙarin kilo 45 yana ƙara shan mai da kusan kashi 1 cikin 100. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai raina kashi ɗaya, amma ba shi ne babban abin damuwa ba.

Babban abin shi ne inda nauyin ya zauna. Golf da tayoyin gaba take ja, da su take juyawa, su ne kuma suke yin mafi yawan aikin birki. Akwatin yana zaune ne can ƙarshen baya, a kan tayoyin baya da bayansu. Yana danne shakazoba, ya rage mata filin motsi idan aka faɗa rami. Yana ɗaga hancin mota kaɗan, fitila ta riƙa haska idon mai zuwa da dare. A kwana mai tsakuwa kuma yana jan bayan mota zuwa waje. Idan aka ƙara fasinja uku a kujerar baya da tsarabar gida, salansa za ta gaisa da kowane tudu daga Tuga har Tsamiya. Bayan haka, but ɗin Golf 3 bai wuce lita 330 ko kusa da haka ba, akwatin ya cinye kusan rabinsa, ya kuma zauna daram a kan murfin safaya taya. Wanda tayarsa ta fashe shi kaɗai da magariba a tsakanin ƙauyuka biyu zai fara ne da kokawa da akwatin da sai mutum biyu suke ɗaga shi.

Taura uku, baki ɗaya

Me ya sa wufa take da girma tun farko? Sauti girgizar iska ne, ana kuma auna shi da yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa Hz. Kunnen ɗan Adam yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Muryar namiji tana farawa daga wajen 85 zuwa sama. Aikin wufa yana ƙasa da 80, inda sauti yake komawa abin da ƙirji ke ji tare da kunne. Wahalar wannan yanki ita ce duk lokacin da aka raba yawan girgiza biyu, sai an tura iska ninki huɗu kafin a samu ƙara iri ɗaya. Sifikar da ke cikin ƙofa ba ta da faɗin da za ta yi wannan aiki. Ana buƙatar faifai mai faɗi, mai dogon zango na shiga da fita, da maganaɗisu mai ƙarfin tura shi, da akwatin da zai hana iskar bayan faifan ta zagayo ta kashe ta gabansa.

J. Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin sifika na KLH a Amurka a 1957, shi ake danganta wa ƙa'idar da ta taƙaita lamarin. Abubuwa uku ake nema daga wufa: ƙaramin akwati, sauti mai zurfi sosai, da ƙara mai yawa daga wutar lantarki kaɗan. Biyu kaɗai ake iya samu a lokaci guda. Mai son zurfi da ƙara ba tare da shan wuta ba sai ya haƙura da katon akwati. Mai son ƙaramin akwati da zurfi sai ya biya da wuta. Mai son ƙaramin akwati da ƙara a wuta kaɗan ya yafe zurfin. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu. A nan an yi rangwame, an ba ka biyu, ta ukun ce ba ta taunuwa, kuma duk mai shagon da ya ce maka kayansa sun haɗa ukun yana sayar maka da kwali ne.

Sai dai mota tana da wata kyauta da ɗaki ba shi da ita. Tsawon zangon sauti mai girgiza 40 ya haura mita 8, cikin Golf kuwa bai kai mita 3 ba. Idan sauti ya fi ɗakin da yake ciki tsawo haka, ya daina yawo daga bango zuwa bango, sai faifan wufa ya koma matsa iskar motar gaba ɗaya yana sakinta, kamar zugazugin maƙeri. Sakamakon haka, daga wajen girgiza 60 zuwa 80 a gangara ƙasa, motar da kanta tana ƙara wa sauti ƙarfi, kuma ƙarin yana yawa yayin da sautin ke ƙara zurfi.

A nan ne bambancin akwati biyu yake fitowa. Rufaffen akwati, wanda Edgar Villchur ya fito da tsarinsa na zamani a 1954, ƙarfinsa yana raguwa sannu a hankali idan sauti ya yi ƙasa, kusan daidai gwargwadon abin da mota take ƙarawa, sai su biyun su cike wa juna. Akwati mai bututu ya fi ƙara a kusa da sautin da aka daidaita bututun a kansa, amma yakan kai ninki ɗaya da rabi ko biyu na rufaffen a girma, kuma a cikin ƙaramar mota ƙarin nasa yana haɗuwa da na motar ya zama gunji guda mai rufe sauran kiɗa. A ƙasa da wancan sauti kuma faifan yana rasa iskar da ke tallafe shi, ya riƙa karkaɗawa a banza har ya lalace. Ga mu nan akwai ƙarin dalili: bututu ƙofa ce ga ƙurar hunturu, wani lokaci har da ɓera.

Wannan kyauta tana da sharuɗɗa biyu. Idan aka sauke gilashi, kamar yadda masu motocin da na'urar sanyinsu ta mutu suke yi daga Maris zuwa Mayu, wani kaso nata yana fita da iska. Kuma motar da but ɗinta yake haɗe da ɗakin fasinja, irin Golf, ta fi cin moriyarta a kan Camry ko Accord, inda kujera da ƙarfe suka raba wufa da kunnen direba.

Akwai kuma tambayar abin da mutum yake saurare. Mai jin karatun Alkur'ani da tafsiri da labaran BBC ba shi da buƙatar wufa ko ɗaya, kuɗinsa ya fi amfani a kan sifikun ƙofa masu kyau. Kalangun Shata da kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo mafi yawan amonsu yana sama da inda wufa ke aiki, kaɗan take ƙara musu. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes tana girgiza 41. Waƙoƙin zamani da ake haɗawa da kwamfuta a situdiyon Kano da Kaduna, da kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu, su ne suke sauka can ƙasa, su ne kuma suke sa matasa neman inci 12 guda biyu.

Inda kilo yake ɓuya

Mutane sukan ɗauka sifikar ce take da nauyi. Sau da yawa akwatin ya fi ta. Kafintocin wufa sun fi son allon MDF, wato garin katako da aka gauraya da gam aka matse, saboda yana da sauƙin yanka kuma ba ya amsa kuwa. Cikakken allo ɗaya mai kaurin milimita 18 yana kai kilo 40, akwatin wufa biyu mai bututu kuma yana cinye fiye da rabinsa. Ga shi ba ya shiri da ruwa: damina ɗaya da robar but mai yoyo ta isa ta kumbura shi, sukurori su saki. Katakon filawud mai kyau, mai falle da yawa, ya fi shi tauri a kauri ɗaya, don haka ana iya amfani da milimita 15 a ƙara masa sanda a ciki ta riƙe bangon da bango. Ƙaramin akwati kuma bangonsa gajeru ne, ba sa lanƙwasa, ba sa neman kauri. Rufaffen akwati mai lita 20 na irin wannan katako bai cika wuce kilo 5 ko 6 ba.

Girman akwati ba a yin sa da ido. Tun daga aikin Neville Thiele a Ostireliya a 1961, da na Richard Small a farkon shekarun 1970, kowace wufa ta kirki tana zuwa da lambobin da ke nuna halinta, kamfani kuma yana faɗin lita nawa take so. Wufar da ta zo babu wannan takarda, sai hoton walƙiya da katuwar lamba, ta riga ta gaya maka matsayinta.

Sai maganaɗisu. Na gargajiya shi ne baƙin zoben nan mai kauri da ake kira ferayit, mai araha da nauyi. Na zamani shi ne niyodimiyam, wanda kamfanonin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka gano kowane a nasa ɓangare a farkon shekarun 1980, wanda kuma yau mafi yawansa daga Sin yake fitowa. Ɗan ƙaraminsa yana yin aikin katon ferayit, har wufa ta rage kilo biyu ko uku. Da farko wannan kamar ita ce amsar mai neman sauƙi. Amma niyodimiyam yana da rauni guda da ya shafe mu kai tsaye, wato zafi. Nau'insa na gama-gari yana fara rasa ƙarfi, rashin da ba ya dawowa, daga wajen digiri 80. A watan Afrilu zafin Kebbi yana haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota a rana yana iya wuce 60, koyil ɗin wufa kuma idan ana dukanta yana haura 100 nesa. Manyan kamfanoni suna amfani da nau'in da ke jure digiri 150 ko fiye, suna kuma yi masa hanyar shan iska. Mai araha da aka sayo a Alaba ko Sabon Gari babu takarda, babu hanyar sanin wane nau'i ne a cikinsa. Ferayit shi ma yana ɗan yin laushi da zafi, amma da ya huce yake komawa yadda yake.

Zafi yana da wani haraji da ba a cika ambata ba. Duk ƙarin digiri 100 a koyil yana ƙara wa wayar tagulla turjiya da kusan kashi 40 cikin 100, sai wufa ta riƙa karɓar wuta kaɗan, ƙararta ta ragu. Direba ya ƙara murya, koyil ya ƙara zafi, a haka har a ji ƙauri. In ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Wutar da mota za ta iya bayarwa

Nauyi na biyu da wufa take ɗora wa mota ba ya hawa sikeli, altaneta ce take ɗaukarsa. Ta ƙananan motoci irin tawa takan bayar da amfiya 70 zuwa 90, kuma fitilu da fanka da famfon mai da na'urar sanyi sun riga sun ci kasonsu. Tsohuwar amfilifaya ta ajin AB kusan rabin wutar da ta sha tana zama zafi, shi ya sa jikinta yake da faɗi da kaurin alminiyam. Idan ana son wat 1,000 na gaskiya daga gare ta, sai ta ja amfiya wajen 130 a lokacin da kiɗa ya kai ƙololuwa, abin da ya fi ƙarfin altanetar gaba ɗaya. Alamarsa sananniya ce: fitila tana lumshewa tare da bugun ganga, batir yana mutuwa kafin lokacinsa. Amfilifaya ta ajin D tana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na wuta sauti. Mai wat 300 ba ta wuce amfiya 25 ko kusa da haka a ƙololuwa, jikinta kamar littafi, nauyinta bai kai kilo 2 ba.

Lambar da za a duba ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa na tsawon lokaci. Wadda aka rubuta PMPO ado ce. Mai wayarin da nake kai wa aiki yana da gwaji mai sauƙi. Duk wanda ya kawo masa amfilifaya yana cika baki, sai ya juya ta ya zaro fiyus ya ce, "Yallaɓai, karanta mini." Idan fiyus na amfiya 25 ne, a ninka shi da bolt 14 na mota, an sami 350. Na'urar da wat 350 kaɗai za su iya shiga cikinta ba za ta fitar da 3,000 ba, ko da an rubuta da ruwan zinariya.

Ya kuma kamata a tuna cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kaɗai yake ƙarawa, ƙarin da kunne yake ji kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat sau goma. Tazarar da ke tsakanin wat 300 da 600 ta fi girma a aljihu da a altaneta fiye da a kunne.

Wayar da ta taso daga batir zuwa but ita ce wurin da ba a yin tsimi. A nemi ta tagulla zalla, domin kasuwa cike take da ta alminiyam da aka shafa wa tagulla a waje, wadda take zafi da wuri. A sa fiyus kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya daga gare shi, a kuma sa roba a duk inda waya ta ratsa ƙarfe. Dalilin yana da nauyi a yankinmu. Tun da aka hana kai fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka a watan Nuwamban 2019, direbobi da yawa suka saba da ajiye jarkar mai a but don gudun tsayawa a daji. Jarkar fetur da wayar da ta goge a jikin ƙarfe babu fiyus, a wuri ɗaya, a kan hanya mai girgiza, gobara ce da ke jiran ranarta.

Abin da na ɗauka da abin da na bari

Na mayar wa abokina kayansa da godiya. Na sa wufa ɗaya mai inci 10, mai bakin roba maimakon soso, domin soso yana ruɓewa da zafi. Maganaɗisunta ferayit ne matsakaici. Ta niyodimiyam da na gani za ta rage mini kilo biyu ne kawai a kan kuɗi kusan ninki biyu, kuma mai shagon bai iya gaya mini nau'in da ke cikinta ba. Kafinta ya yi mata rufaffen akwati na filawud mai lita 20, wanda ya shige kusurwar but ta gefe, ya jingina da bayan kujera, ya bar murfin safaya taya a fili. Amfilifaya ta ajin D mai wat 300 tana ƙarƙashin kujera inda iska ke ratsawa, an kuma saita ta yadda babu abin da ya haura girgiza 80 da zai je wa wufar. Duka da waya sun tashi kilo 13. Wanda yake son abin da bai kai haka ba yana iya neman irin wadda ake turawa ƙarƙashin kujera, mai inci 8 da amfilifaya a jikinta, wajen kilo 5, in ya yarda ya yafe zurfin ƙarshe.

An yi asara, kuma ya kamata a faɗe ta. Faɗin faifan inci 12 guda biyu ya kai ninki uku na inci 10 guda ɗaya, don haka kayan abokina za su iya yin ƙara kusan ninki biyu a kunne. Da su, mutanen da ke zaune a bakin tasha za su san na iso tun ban karyo kwana ba. Da nawa, sai wanda ya shiga motar. Mai motar rakiyar amarya ko ta yaƙin neman zaɓe yana da dalilin zaɓen na farko, domin masu saurarensa suna waje. Ni kuwa mai saurarona yana zaune ne a bayan sitiyari. Haka kuma a hanyar da shingayen bincike suke da yawa, kuma aikin jami'ai ne su san abin da ke cikin kowane rufaffen abu, ƙaramin akwati yana gajarta tsayuwa. A halin tsaron da ake ciki, motar da ba ta shelar zuwanta da dare ta fi kwanciyar hankali.

Abu biyu ne ba su da alaƙa da ɗanɗano. Na farko ɗauri. Idan mota mai tafiyar kilomita 50 a awa ta daki abu mai tauri, duk abin da ke cikinta yana tunkarar gaba da ƙarfin da ya kai nauyinsa sau 20. Akwati mai kilo 47 ya zama kusan tan ɗaya, kuma abin da ya raba shi da bayan yaran da ke kujerar baya ɗan ƙugiyar kujera ne. Ko mai kilo 13 ya haura kilo 250. Saboda haka nawa da noti aka ɗaure shi a jikin ƙarfen mota, ba a bar shi ga nauyinsa ko ga igiyar roba ba.

Na biyu kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana iya jin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Tafiya ɗaya zuwa gida da dawowa ta cinye wannan. Sauti mai kauri ba ya yi wa kunne zafi kamar mai tsini, shi ya sa yake jan hannu a ƙara murya, sauran kiɗan kuma ya hau tare da shi. Gwano ba ya jin warin jikinsa, direba ma ba ya jin yawan ƙarar motarsa. Kuma a wannan hanya kunne kayan aiki ne. Da shi ake jin hon ɗin ɗan kabu-kabu da ya fito daga gona, da kiran makiyayi kafin garke ya hau kwalta, da kukan da taya take fara yi kafin ta fashe.

Ga gwajin da nake ba duk wanda ya tambaye ni. Bayan an gama haɗa kaya, a ɗauki mutum ɗaya a gaba, a hau hanya da gudun da aka saba, a kunna waƙar da aka fi so a muryar da za a iya riƙewa daga Birnin Kebbi har Ka'oje. Idan ana jin bugun ganga a ƙirji, ana kuma jin maganar abokin tafiya ba tare da ya ɗaga murya ba, wufar ta isa. Kilon da ya rage a but na tsarabar gida ne.